Kwanon Adda Edna

Duk ranar Asabar, kafin rana ta yi zafi, hayaƙi kan tashi daga wani gida a Bolari, can bayan tashar mota. Masu keke sun san hayaƙin nan. In suka hango shi sai su ce, "Matan Tukunya sun ɗora." Ƙungiyar tana da wani dogon suna har da Turanci a ciki, amma ba mai kiranta da shi. Tukunyar Asabar kowa ya sani.

Ran Alhamis da yamma suke taruwa, kowace ta zo da abin da ya sawwaƙa, wannan shinkafa, waccan wake, wata manja a kwalba. Ran Juma'a Asta, ɗaya daga cikin manyansu, ta shiga Kasuwar Gombe ta bi masu kayan miya rumfa rumfa, su zuba mata tumatirin da ya fara laushi da albasar da ta yi tsiro. Ran Asabar su dafa, su loda a keken Suhaibu, su kai asibiti su raba wa marasa lafiyan da ba su da mai kawo musu abinci. Wanda kayansa suka yi dauɗa su wanke masa, tsofaffi su yanke musu farce. Da damina kuma su ƙara da yashe kwatar unguwa. Akwai masu zuwa coci a cikinsu, akwai masu salla, kuma a tukunya ɗaya suke girki.

Edna ce ta fara abin. Mutuniyar Kaltungo ce, doguwa, bahaguwa, da ta daɗe tana sayar da abinci a bakin garejin makanikai. Yaran ƙungiya suna ce mata Mama. Asta kuwa Adda take ce mata, kamar yayarta ta ciki ɗaya.

Edna ta kafa musu doka guda tun ranar farko, kuma ba ta yarda a taɓa ta ba.

"Kada wadda ta tambayi mara lafiya ko yana da kowa," in ji ta. "Mutum yana kwance, ciwo na cinsa, ke kuma ki sa shi ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da kowa a duniya? Ku dubi gefen gado kawai. In kun ga kwano a rufe, yana da mutane, ku gaishe shi ku wuce. In babu kwano, ku zuba ku ajiye, kada ku ce komai."

Asta ta fi kowa sanin amfanin wannan magana. Lokacin da mijinta Yuguda ya rasu, wanda makanike ne a garejin da Edna ke sayar da abinci, ta zauna takaba a ɗakinta a unguwar Shamaki. Da masu gaisuwa suka watse, gidan ya yi tsit, tukunya ta daina hawa murhu. Ba ta gaya wa kowa ba. In maƙwabta suka leƙo sai ta ce yanzu ta sauke. Wata rana sai ga Edna ta yi sallama da kwanon samira a hannu, irin mai zanen jan fure, fentin murfin ya ɓantare a gefe. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce:

"'Yar Fulani, taimake ni. Bakina ya mutu kwanan nan, ba na jin gishiri. Ɗanɗana min wannan kafin makanikai su zage ni."

Asta ta ɗanɗana ta ce ya ji.

"Kai, daga cokali ɗaya? Ku da ba ku san komai ba sai nono, ina kika san gishiri? Ƙara dai."

Sai ta tashi wai ta bar wuta a kunne, ta manta kwanon. Haka ta yi ta mantuwa har Asta ta fita takaba. Tun daga nan ba su taɓa tayar da zancen ba.

Shekaru suka tafi. Ciwon suga ya kama Edna, ƙafarta ta fara ba ta wahala, tsayuwa a kan tukunya ta gagare ta. Ta miƙa wa Jacinta ragamar ƙungiya, wata malamar firamare mai kuzari da ba ta iya gama magana ba ta sa Turanci ba. Edna ta ce ɗanta Sammy ya kama musu gida can bayan gari, za ta koma wajensa, matarsa Debby za ta riƙa yi mata hidima. Aka yi mata rakiya da waƙa da kuka. Da fari Asta na zuwa dubiya, daga baya in ta kira waya sai Edna ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, hanyar nan ba ta da kyau. Ina nan kamar sarauniya, ana kawo min har gado."

Wata Asabar suna cikin rabo a ɗakin mata, Najeeba, ƙaramarsu a ƙungiya, ta ƙwala kira daga can ƙurya.

"Goggo Asta! Zo ki ga wa ke nan!"

Asta ta ƙarasa da ludayi a hannu. Edna ce a gadon da ke jikin taga, ƙafarta naɗe da bandeji. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, amma tana ganinsu ta gyara ɗankwali ta buɗe murya.

"Ga 'yan baƙin ciki sun gano ni! Na zo hutawa a ɓoye, ko nan ma ba za ku bar ni ba?"

"Haba Mama," in ji Jacinta, "admishin guda ba ki gaya mana ba?"

"In gaya muku ku cika wa mutane ɗaki da surutu? Ke Najeeba, wa ya koya miki riƙe ludayi kamar mai kashe maciji?"

Aka yi dariya. Asta ba ta yi ba, ta zauna a bakin gado ta kama hannunta. Hannun ba nauyi. Idonta ya kai kan ɗan akwatin gefen gado, kamar yadda ya saba kaiwa a kowane gado. Kwanon samirar nan na nan, mai jan fure, a rufe, an ɗaure shi da farin ƙyalle.

"Debby ce ta kawo yanzun nan," in ji Edna. "Ta je sayo magani. Ku wuce, ga baiwar Allah can ba ta da kwano, tun ɗazu take kallon tukunyarku."

Suka wuce. Doka ce, kuma mai dokar ce da kanta ta ce su wuce.

Ran Talata Asta ta dawo ita kaɗai da fura da nono mai sanyi. Edna ta leƙa ta ce likita ya hana, ta miƙa wa mai jinyar gadon kusa. Da ta sake zuwa da kunun gyaɗa ba sukari, sai Edna ta ɓata rai.

"Asta, so kike ki haɗa ni da surukata? Ta zo ta ga kwanon wata, ta ce na raina girkinta? Ki zo da bakinki mu yi hira, shi kaɗai nake so."

Asta ta san zaman suruka da uwar miji, ba ta ƙara kawo komai ba. Takan zo su yi hira, su tuna makanikan da suka mutu da waɗanda suka tsufa. Kullum ta zo, Debby yanzu ta fita. Kullum kwano na nan a ɗaure. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, Matan Tukunya suna gaishe da Mama su tsallake gadonta. Muryar tata kuwa tana raguwa. Kowa ya ce sugan ne.

Ranar da abin ya fito, Asabar ce, sun gama rabo ana tattara robobi. Asta ta koma yi wa Edna sallama ta tarar barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Ta tsaya tana kallonta. Ƙudaje na ta yawo a kan kwanukan sauran gadaje, tururuwa ta yi layi a ƙafar akwatin maƙwabciya. Kwanon Edna ko ƙuda ɗaya bai sauka a kai ba. Ta matsa ta dubi ƙullin ƙyallen. Ta san ƙullin nan. Duk tsawon takabarta tana kwance shi a ƙofar ɗakinta, kullum yana ba ta wuya, domin ta hagu aka ja shi. Debby ba bahaguwa ba ce.

Ta sa hannu biyu ta ɗaga kwanon da ƙarfin da ake ɗaga mai abinci. Sai ya taso sama kamar zai tashi daga hannunta.

Ta mayar da shi a hankali, daidai inda yake. Ta juya ta fita. A baranda ta ci karo da matan zumuntan cocin su Edna, sun zo dubiya da littattafan waƙa. Shugabarsu Selina ta rungume ta.

"Matan Tukunya, Allah ya saka muku. Mama ta ce ku kuke ciyar da ita safe da yamma, har ta hana mu kawo komai, wai kada abinci ya lalace."

Asta ta ce amin ta wuce.

A gindin bishiyar da Suhaibu ke jiransu ta gaya wa Jacinta da Najeeba. Ta kuma tambayi mai sharar ɗakin, mai sharar ta ce ruwan zafi tsohuwar ke roƙa, wani lokaci ta aike ta burodi ƙarami ta yi kwana biyu tana gutsura. Ba ta taɓa ganin wata Debby ba.

Jacinta ta fashe da kuka. "No, no. Yanzu zan koma in buɗe kwanon nan a gabanta. Mama ce fa! Ta yaya za ta yi mana haka?"

"In kika buɗe shi a gaban mutane," in ji Asta, "za ta juya fuska bango, ba za ta ƙara haɗiyar ko ruwa daga hannunmu ba. Na san ta. Ku tafi gida."

"To mu zuba mata ido ta mutu, Goggo?" in ji Najeeba.

"Na ce ku tafi gida. Suhaibu, kai ni Shamaki, ka jira ni."

Ta hura wuta ta dama faten tsaki da yakuwa, ta yi shi ruwa-ruwa yadda zai wuce maƙogwaro ba wuya. Ba ta sa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Gishirin ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Ana kiran la'asar ta koma asibiti.

Edna ta farka, tana kallon taga.

"Ke kuma? Ba ki da gida ne?"

"Adda, taimako na zo nema. Yaran nan sun ce girkina ya lalace. Bakina ne ya mutu, ba na jin gishiri. Ɗanɗana min."

Edna ta juyo ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Asta ba ta ɗaga kai ba, ta ɗebo a cokali ta miƙa. Cokalin ya tsaya a tsakaninsu. Can Edna ta buɗe baki.

Ta haɗiye da ƙyar, ta yamutsa fuska. "Wannan ai ko hanyar gishiri bai bi ba. Haka kuke ba bayin Allah tun da na tafi?"

Asta ta kwance bakin mayafi ta barbaɗa kaɗan, kaɗan ƙwarai, ta juya. "Yanzu fa?"

"Da saura."

Ta ƙara 'yan ƙwayoyi. "Yanzu fa?"

"'Yar Fulani, gishirin ma rowarsa kike yi?"

Haka suka yi ta yi, barbaɗe ɗaya cokali ɗaya, har faten ya ragu a kwano. Sai Edna ta ɗaga hannu ta kwantar da kai a filo. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne.

"Da dabarata kika zo ki kama ni," ta faɗa ƙasa ƙasa.

"Wace dabara? Ni gishiri na zo tambaya."

Edna ta yi 'yar dariya da ba ta da sauti. Ta jawo Asta kusa don kada na gadon gaba su ji. Ta ce Sammy ya tafi Fatakwal neman aiki tun bara, da fari yana kira, daga baya wayar ta daina shiga. Debby ta yi haƙuri iyakar yinta, da abin ya gagara ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

"Ban ga laifinta ba, yara ba sa cin haƙuri. Amma ni, Asta, ni da na tsaya a tsakiyar ɗakin nan ina nuna muku gadon da ba shi da kwano. A ce yau Najeeba ta zo ta ajiye min roba ta wuce shiru, kowa ya gane ɗana ya bar ni? Shi nake rufa wa asiri. In ya dawo, da wane ido zai shiga Bolari?"

"Ni kuma fa, Adda? Ni ma sai ki rufe min?"

"Ke kin fi kowa. Ke za ki sayar da zanenki ki ciyar da ni."

A waje masu dubiya sun fara tafiya.

"Sauran fa," in ji Edna, "juye min a nawa kwanon. Kada ki bari su gani."

Asta ta ɗauki samirar ta ce da ƙarfi, yadda ɗakin zai ji, "Debbyn nan ba ta iya wanke murfi ba, bari in ɗauraye miki." Ta fita da shi famfo, ta juye faten a ciki, ta dawo. Edna ta sa aka ɗaga ta zaune. Da hannunta na hagu ta buɗe murfin a gaban kowa, tururi ya tashi, har ta juya ta ce wa mai jinyar kusa, "Bismillah, 'yata, zo ki taɓa girkin surukata."

Daga ranar Asta ta ajiye ɗinkin hulunan da take yi. Safe da yamma tana hanya tsakanin Shamaki da asibiti, abinci a ƙarƙashin mayafi. Ta fita da kwano wankewa, ta dawo da shi da nauyi. Jacinta na aiko da kifi, Najeeba na aiko da ƙwai, Suhaibu ya ce in ta ƙara yi masa maganar kuɗin keke zai daina gaishe ta. Ran Asabar Matan Tukunya suka zo suka gaida Mama, suka dubi kwano, suka wuce kamar kullum. Najeeba ce kawai ta kasa, ta fita baranda da gudu.

Amma jikin ya riga ya yi nisa. Cikin da ya daɗe a rufe ya ƙi karɓa. Yau ta sha cokali kaɗan, gobe ta sha ƙasa da haka, ciwon ƙafar kuma ya ƙi haɗewa. Likita ya ce da tana cin abinci tun farko da maganin ya fi kama ta. Asta ta ji maganar nan a tsaye, ba ta gaya wa kowa ba.

Ran wata Juma'a da hantsi ta zo da kunu, ta miƙa cokali. Edna ta taɓa da leɓe kawai.

"Ya ji," in ji ta. "Yau kam ya ji. Kin iya."

Kafin masu zuwa masallaci su dawo ta cika.

A Kaltungo aka binne ta. Matan Tukunya suka cika mota, masu shiga coci suka shiga, su Asta suka zauna a inuwa a waje suna jin waƙar daga taga. Debby ta zo da yara tana kuka kamar ranta zai fita, Asta ta riƙe ta. Sammy har aka rufe kabari ba a same shi ba. Da za su taso, Debby ta miƙo wa Asta kwanon samirar, ta ce ita ba za ta iya kallonsa a ɗaki ba.

Alhamis ta gaba aka taru. Can Najeeba ta ce a soke dokar kwano, a riƙa tambayar kowa kai tsaye. Jacinta ta goyi bayanta. Aka juya ana kallon Asta.

"Ba za mu tambaya ba," in ji ta. "Da mun tambaye ta ma, ƙarya za ta yi mana, kuma mun ƙara mata ciwo. Kowace ta nemi tsumma. Duk gadon da muka je, mu goge kan akwati. Mai goge akwati dole ta ɗaga kwano."

Jacinta ta share ido ta gyaɗa kai.

Ran Asabar hayaƙi ya tashi a Bolari. Suka shiga ɗakin mata, kowace da tsumma a kafaɗa. Asta ta ƙi kallon gadon jikin taga, ta fara daga bakin ƙofa. Ta ɗaga kwano, da nauyi, ta goge ta ajiye. Na gaba ma haka. A tsakiyar ɗaki akwai wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye, ta yi kwalliya da kwalli, ga kwanonta a rufe an ɗora faifai a kai.

"Jikata ce ta kawo," in ji tsohuwar tun ba a tambaye ta ba.

"Allah ya yi mata albarka," in ji Asta. Ta ɗaga, hannunta ya tafi sama.

Ta goge akwatin a hankali ta mayar da kwanon. Ta koma wajen tukunya ta zuba a samirar Edna, ta dawo ta zauna a bakin gado.

"Inna, taimake ni. Bakina ya mutu, ba na..."

Ta miƙa cokalin kawai. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi cokalin, ta karɓa ta kai baki. Ta sake ɗebowa da kanta.

"Gishiri kike tambaya, 'yata? Bari in ƙara ji tukuna. Ke kuma mene ne na kuka?"